Deksa da cutar sefsis: Likita na jinkirin yin allurar, mu muna gaggawar shan ƙwayar

A makon nan za mu leƙa Maiduguri ne, mu yada zango a Kasuwar Kwastam, domin maganin da za mu yi magana a kansa ya fi sauƙin samu a irin wannan wuri fiye da a asibiti.

Wanda ya san Maiduguri ya san Kwastam. Nan gadar saman da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Disambar 2021 take, daga nan kuma hanyar Muna ta miƙe zuwa Dikwa har Gamboru Ngala a bakin iyakar Kamaru. A wannan yanki Kasuwar Gamboru take, wadda da yawa ke kira Kasuwar Kwastam, kuma a cikinta akwai ɓangaren masu sayar da magunguna. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari a ranar 10 ga Satumbar 2024, ya shiga wannan ɓangare kamar yadda ya shiga Kasuwar Monday da Fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Bayan ruwan ya janye, Hukumar NAFDAC ta ba da umarnin rufe kasuwar magungunan, saboda an ga ana wanke waɗanda suka jiƙe ana shanyawa a rana domin a sake sayarwa. Hankalin jama'a ya tashi, kuma da gaskiyarsu. To amma akwai haɗarin da ba sai an yi ambaliya ba. Shi ne magani na gaske, mai kyau, wanda kwanansa bai ƙare ba, a ba wanda bai dace ba a lokacin da bai dace ba.

Maganin da nake nufi shi ne wanda muke kira deksa, tare da 'yan gidansu. Cikakken sunansa deksametazon. Akwai firedinisolon, akwai haidirokotizon, akwai betametazon. Likitoci na haɗa su duka su kira su sitiroyid, amma ba irin wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha don tara ƙwanji ba, wancan dabam ne. In ka duba jikin kwali za ka ga yawancin sunayen sun ƙare da haruffan “sone” ko “lone”. Mata da yawa sun san shi da “sha ka fashe”, saboda ƙibar da yake sawa. Dattijai sun san shi a maganin ciwon gwiwa da baya. Wasu kuma suna sha ba su sani ba, domin yakan shigo cikin haɗin da mai kemis ke ƙulla wa mai zazzaɓi a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar babu suna babu kwali.

Wannan dangin magani ne ake yi wa wasu marasa lafiyar da ke kwance rai a hannun Allah allurarsa, idan cutar sefsis ta kai su ga faɗuwar jini. Kana iya ganin an rubuta wa ɗan'uwanka shi a asibiti, ko ka karanta a waya cewa “sitiroyid na maganin sefsis”, sai ka ce ashe abin da ke kemis ɗin ƙofar gida ne. Shi ne kam, amma akwai sauran bayani.

Mu fara da ita cutar. Sefsis, wadda wasu ke kira gubar jini, ba ƙwayar cuta ba ce guda ɗaya mai suna. Yanayi ne da jiki ke shiga idan wata cuta ta kama shi, garkuwar jiki ta tashi yaƙi, yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata ƙoda da huhu da hanta da ƙwaƙwalwar mai jikin. Kamar masu gadin kasuwa ne su hangi ɓarawo a rumfa ɗaya, garin kama shi su banka wa layin gaba ɗaya wuta. Mafarin yakan zama abin da muka saba gani: ciwon huhu, cutar mafitsara, taifot da ta huda hanji, gyambon ƙafar mai ciwon suga, ƙuna, mahaifar mai jego ko wadda ta yi ɓari, ko cibiyar jaririn da aka shafa wa abin da bai dace ba. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar ta wannan shekara. Kimanin miliyan 20 daga cikin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ƙasashenmu na kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari. Shi ya sa aka ware ranar 13 ga Satumba ta kowace shekara don tunawa da ita.

Idan sefsis ta yi tsanani, jijiyoyin jini sukan saki su buɗe, ruwan da ke cikinsu ya riƙa tsiyaya zuwa cikin tsoka, sai ƙarfin gudun jini ya faɗi. Ka ɗauki misalin famfo: ruwa na nan a tanki, amma ƙarfinsa ya mutu, ba ya kaiwa ƙarshen layi. Ƙoda ta daina samun rabonta, fitsari ya ɗauke. Ƙwaƙwalwa ta daina samu, mutum ya fara sambatu ko ya kasa gane mutane. Wannan shi ne faɗuwar jini na sefsis, kuma kada a haɗa shi da ƙarancin jini wanda ake yi wa ƙarin jini. Mutum na iya samun jininsa cif amma awon ya faɗi ƙasa warwas. Masanan da suka sabunta ma'anar cutar a 2016 sun ce fiye da mutum 40 cikin 100 da suka kai wannan mataki ba sa tashi, kuma alƙaluman nasu daga asibitocin da ke da kayan aiki aka ɗauko su.

Abin da ke ceton rai a nan sananne ne, kuma yana da jerinsa. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, cikin awa ɗaya in an ga alamar jini ya faɗi. Ƙarin ruwa da ake yi ana aunawa. Iskar oksijin in numfashi ya gaza. Sai a nemo tushen cutar a kawar da shi, in mugunya ce a fitar, in hanji ne ya fashe a shiga tiyata, in ragowar mabiyiya ce a wanke mahaifa. In duk da ruwan awon jini bai tashi ba, sai a ɗaura allurar ɗaga jini, wadda aka fi amfani da ita ita ce noradirenalin, tana ɗiga a hankali dare da rana. Sai bayan duk waɗannan ake waiwayar sitiroyid. Shi ne na ƙarshe a layi, kuma ba kowane mai sefsis ne layin ke kai shi wurinsa ba.

Me ya kawo shi cikin maganar tun farko? A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke samar da sinadarin kotizol. Kullum jikinka na yin shi, ya fi yawa da asuba, kuma idan ka ji rauni ko ciwo ya kama ka, sai ya ninka shi. Yana rage zafin yaƙin garkuwar jiki, yana kuma sa jijiyoyin jini su ji maganar sinadaran da ke matse su. Haidirokotizon shi ne wannan kotizol ɗin da aka sarrafa a masana'anta. Tun da aka fara gwada dangin maganin a kan mai ciwon gaɓɓai a Amurka a 1948, har waɗanda suka gano shi suka samu kyautar Nobel a 1950, likitoci ke ganin ai ga abin da zai kashe gobarar sefsis. Tunanin ya yi ma'ana. Tabbatar da shi ne ya ci fiye da shekara 40.

A 1976 wani likitan tiyata a birnin Shikago, William Schumer, ya buga sakamakon da ya nuna cewa cikin waɗanda ya ba sitiroyid mai yawan gaske kusan 10 cikin 100 ne suka rasu, alhali cikin waɗanda bai ba ba kusan 38 ne. Asibitoci suka rungumi abin. Adadin da ake ɗurawa a lokaci guda a wancan zamani ya ninka abin da ake bayarwa a yini guda yanzu fiye da sau 40. Aka yi shekara goma ana haka. A 1987 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka, waɗanda aka tsara su da kyau fiye da na baya, duka suka nuna babu ran da aka ceta, ɗayan ma ya nuna alamar cutarwa. Sai aka watsar. A 2002 Farfesa Djillali Annane na Faransa ya dawo da maganar ta wata ƙofa, ya ce matsalar yawa ce, a ba da kaɗan na tsawon mako guda. Ya gwada a kan mutum 300, ya ga alamar amfani. A 2008 wani gwajin Turai mai suna CORTICUS, da mutum 499, ya ce jini na saurin tashi kam, amma adadin masu mutuwa bai canza ba. A 2016 Jamusawa suka gwada a kan mutum 380 masu sefsis da jininsu bai riga ya faɗi ba, ko maganin zai hana shi faɗuwa. Bai hana ba.

Shekarar 2018 ce ta kawo manyan gwaje-gwaje biyu da ake dogara da su har yau. Na farko, ADRENAL, ya ɗauki mutum 3,800 a Ostiraliya da Niyu Zilan da Birtaniya da Denmak da Saudiyya. Bayan kwana 90, kashi 27.9 na waɗanda aka ba haidirokotizon sun rasu, kashi 28.8 na waɗanda ba a ba ba sun rasu. Kusan kunnen doki ke nan. Sai dai waɗanda aka ba sun fi saurin fita daga faɗuwar jini, kwana uku maimakon huɗu, sun kuma fi saurin barin ɗakin kulawa ta musamman. Na biyu na Faransa ne, mutum 1,241 da ciwonsu ya fi tsanani, aka haɗa musu haidirokotizon da wani ɗan'uwansa, fuludirokotizon. A nan an ga bambanci: kashi 43 suka rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 49.

Daga waɗannan ne ƙa'idar da likitocin duniya ke bi, wadda aka sabunta a 2021, ta tsaya a kan cewa babban mutum da jininsa ya faɗi saboda sefsis, aka yi masa ƙarin ruwa, aka ɗaura allurar ɗaga jini ta kai wani adadi na aƙalla awa huɗu amma har yanzu yana buƙatarta, to a ƙara masa haidirokotizon ta jijiya, miligiram 200 a yini, yawanci 50 duk bayan awa shida, na 'yan kwanaki. Su kansu masu ƙa'idar sun rubuta ta a matsayin shawara mai sassauci, ba tilas ba. Ga yara sun fi taka-tsantsan: in ruwa da allurar ɗaga jini sun wadatar, kada a ba su. A 2024 ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta sake jaddada cewa a guji ba da mai yawa na ɗan gajeren lokaci, irin na shekarun 1970.

Ni abin da na ɗauka daga wannan dogon tarihi shi ne, maganin ɗan rakiya ne. Yana taimaka wa allurar ɗaga jini ta yi aikinta, yana rage kwanakin da iyali za su yi suna biyan kuɗin gadon da mutane ke wa laƙabi da “gobe da nisa”, wataƙila kuma yana ceton wasu daga cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magani mai araha. Amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Kuma ko a asibitin ba kyauta yake zuwa ba: yana ɗaga suga, yana ɗaga gishirin jini, yana iya raunana tsoka. In ka ga nas na yawan huda yatsan majinyacinka tana awon suga alhali bai taɓa ciwon suga ba, dalilin ke nan, kada ka tsorata.

Akwai kuma abin da ya kamata mu lura da shi mu da ke wannan nahiya. Duk gwaje-gwajen da na lissafa an yi su ne a ƙasashen da ba su fama da zazzaɓin cizon sauro da tarin tibi da tamowa irin namu. Sau da yawa in aka maimaita gwaji a ƙasashe masu zafi, amsar takan canza. A Turai, a 2002, deksa ta taimaki manya masu sanƙarau. A birnin Bilantaya na Malawi aka gwada a kan yara 598 a 2002, sannan manya 465 a 2007, ba a ga amfani ba. A Tailan, a 1982, aka gwada ta a kan mutum 100 da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, sai ga shi waɗanda aka ba sun fi daɗewa a sume, sun fi samun ciwon huhu da zubar jini a ciki. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada a ba mai irin wannan maleriya. Amma a Jakarta ta Indonesiya, a 1984, wani ƙaramin gwaji na mutum 38 masu taifot mai tsanani ya nuna ta rage mutuwa sosai idan aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cutar. Yanzu ka dubi yaro kwance da zazzaɓi, ba ya gane kowa, idanu sun juye. Maleriya ce, sanƙarau ne, ko taifot? Da ido duka kamarsu ɗaya. A ɗaya deksa za ta ƙara masa wahala, a ɗaya ba lallai ta yi komai ba, a ɗaya tana iya taimako. Likita ma sai ya yi gwaji yake rarrabewa, balle wanda ke tsaye bayan kanta da layin masu saye a gabansa.

Haka batun ƙarin ruwa yake, tunda ya zama al'ada a kira wani ya zo gida ya “ɗaura ruwa”. A 2011 wani gwaji a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Kenya da Yuganda da Tanzaniya ya nuna cewa ɗura ruwa da yawa da sauri ya ƙara yawan mutuwa. Ruwan ma magani ne mai ma'auni.

To me ke faruwa in an sha deksa a gida? A ce kai ɗan kasuwa ne a Kwastam, zazzaɓi da tari sun kama ka, ba ka son rufe shago. Ka aika yaro ya karɓo haɗi. Ka sha da daddare, da safe ka tashi garau, zazzaɓi ya sauka, ciwon jiki ya tafi, har abinci ka ci da yawa. Ka ce wannan mai kemis ya san aiki. Abin da ya faru shi ne an kashe ƙararrawa an bar gobarar. Zazzaɓi da ciwo su ne ke kai mutum asibiti, deksa kuwa ta danne su, ta kuma ɗaure hannun garkuwar jiki a daidai lokacin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a huhu. Bayan kwana uku ko huɗu sai numfashi ya fara sama-sama, a kwashe ka zuwa asibiti a makare. Likitan ma yana iya ruɗewa, domin jikinka ba zafi, cikin da ya kamata ya yi tauri in hanji ya huje yana iya zama da laushi. Ga mai ciwon suga abin ya fi muni, sugan na iya haurawa har ya suma. Ga mai tarin tibi da ke kwance a jiki bai bayyana ba, dogon shan maganin na iya tashinsa.

Mun ga irin wannan a lokacin korona. A ranar 16 ga Yunin 2020 masu bincike na Jami'ar Okisfod suka sanar cewa deksa, miligiram 6 a yini na kwana goma, ta rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya bisa biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Labarin ya zagaye duniya a yini guda. Abin da da yawa ba su karanta ba shi ne layin da ke biye: ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba ta yi amfani ba, alƙaluman ma sun karkata ne zuwa cutarwa. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amma matakin ciwon ne ke raba amfani da illa.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so uwargida da maigida su riƙe, domin nan ne abin ya juya. Idan mutum ya ɗauki fiye da mako uku yana shan sitiroyid kullum, ƙullutan nan na saman ƙoda sukan ga an hutar da su, su rage aiki, wani lokaci su kwanta gaba ɗaya. Kafin su farfaɗo sai an yi makonni ko watanni. Deksa kuwa ba wasa ba ce, ta fi haidirokotizon ƙarfi kusan sau 25, don haka 'yar ƙwayar nan da ake rainawa ta isa. Budurwar da ke shan “sha ka fashe” kafin biki, tsohuwar da ta shekara tana shan haɗin ciwon gwiwa, matar da ke shafe jikinta duka da man bilicin mai ɗauke da kulobetazol ko betametazon, har da jaririn da ake haɗa wa irin wannan mai a cikin man shafawarsa don ya yi haske, duk suna iya shiga wannan hali ba su sani ba. Alamarsa ba ta ɓuya ga mai lura: fuska ta yi zagaye ta kumbura, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa mai faɗi ta fito, fata ta yi laushi tana saurin ƙujewa. Ƙibar ruwa ce da kitse, ba ta ƙarfi ba.

Irin wannan mutum in cuta ta kama shi, abu biyu ke haɗuwa masa. Garkuwarsa ta riga ta yi rauni, don haka ƙaramin ƙurji ko ciwon mafitsara na iya zama sefsis. Sannan a ranar da jiki ya fi buƙatar kotizol, babu mai yin shi. Galibi ma a lokacin ne ake daina shan ƙwayar, saboda amai ko saboda an kwanta asibiti an bar ledar a gida. Sai jini ya faɗi ya ƙi tashi, a yi ta ruwa, a yi ta allurar ɗaga jini, shiru. Ga wannan majinyaci haidirokotizon ya tashi daga ɗan rakiya ya zama maganin da rai ya rataya a kansa, kuma ba a jiran awa huɗu, nan take ake yi. Amma likita ba zai sani ba sai an faɗa masa. Babu gwajin gaggawa da zai nuna masa cewa 'yarka ta yi wata biyu tana shan maganin ƙiba a ɓoye.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya zubar da ƙwayoyinsa yau. Wanda ya daɗe yana sha, ko da kansa ya fara ko likita ne ya ɗora shi saboda asma ko ciwon ƙoda ko ciwon gaɓɓai, ba ya dainawa rana ɗaya. A hankali ake ragewa, kuma likita ne ke tsara ragin. Masu asma da ke shaƙar maganinsu ta 'yar kwalbar fesawa su ci gaba da abinsu, adadin da ke ciki kaɗan ne kuma huhu yake nufa.

Yaushe za a bar kemis a nufi asibiti? In mai zazzaɓi, ko mai rauni, ko mai jego ya fara numfashi da sauri, a babba sau 22 ko fiye a minti ɗaya, ko ya fara ruɗewa da barcin da ba a iya tashinsa sosai, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko tafin hannu da ƙafa suka yi sanyi alhali yana rawar ɗari, to lokacin jira ya wuce. In akwai na'urar awon jini a gida, lambar sama ta sauka 100 ko ƙasa ga mai irin waɗannan alamu, haka ne. Jariri kuwa ba lallai jikinsa ya yi zafi ba, yana iya yin sanyi ma. In ya ƙi kama nono, ya yi laƙwas, haƙarƙarinsa na shiga ciki in yana numfashi, ko cibiya ta yi ja tana wari, a tafi a daren, kada a ce sai gari ya waye. Daga Kwastam zuwa Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa da ke hanyar Bama tafiyar Keke Napep ce. Mai jego da ke zazzaɓi da ciwon mara ko jini mai wari, kada a ce mata ai jego ne, ruwan zafi zai gyara.

In za ku fita, ku tattara duk abin da majinyacin ya sha a kwanakin nan ku zuba a leda: kwalaye, fankon saceti, ragowar haɗi, kwalbar maganin gargajiya, har da man shafawa in ana zargin na bilicin ne. Wasu magungunan da ake tallatawa a matsayin na gargajiya don ciwon gaɓɓai ko ƙiba akan samu an cakuɗa musu sitiroyid, shi ya sa na ce har da su. Ku faɗa wa likita me aka sha, tun yaushe, kuma yaushe aka sha na ƙarshe. In an yi allura a kemis ku faɗa, ko ba ku san sunanta ba. Kuna da damar tambayarsa ko yana zargin sefsis ne, kuma ko an fara allurar kashe ƙwayoyin cuta. Amma kada ku matsa masa sai ya yi haidirokotizon don kun karanta a jarida, kada kuma ku hana in ya ce za a yi.

Na san inda gizo ke saƙa. Yarinya ba za ta ce tana shan maganin ƙiba a gaban mahaifinta ba, matar aure ba za ta ambaci man bilicin a gaban miji da uwar miji ba, kuma sau da yawa ita majinyaciyar ba ta ma cikin hayyacin da za ta yi magana. Wadda ta san sirrin, ƙanwa ce ko aminiya ko kishiya, ta ja nas gefe ta faɗa mata a kunne. Ma'aikatan asibiti sun saba jin irin wannan, kuma aikinsu ya hana su fallasa shi. Likita kaɗai nas ɗin za ta gaya wa.